Kalmar Sirrin Da Na Saka Wa Maƙwabtana

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yi mini ca, ku bari in kai aya. Ni ma na zagi kaina har na gaji.

Atamfa nake sayarwa a Kwari, rabin cinikina kuma a waya yake. Ina haya a wani gida a bakin Fagge, tsallaken titi ka shiga Sabon Gari. Sashen da ke jikin nawa na wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, kowa Mama yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi ta wasunmu. Da na jawo intanet gida, ni na ce mata mu haɗa. Na kafa rauta, wato na'urar raba intanet, a saman tagar da ke tsakaninmu, na ja waya, na ɗora kowa a kai, ita da 'yarta Nkechi da jikokinta.

To wata rana wata Hajiya daga Zariya tana jiran hotunan kaya, abu ya ƙi tafiya, sai juyawa yake kamar dutsen niƙa, ina kuwa jiyo jikokin Mama suna ta ƙyaƙyata dariya, suna kallon katun a waya sun cinye intanet ɗin. Har Hajiyar ta gaji ta saya a wani wuri. Raina ya ɓaci, ni kuma in zuciya ta ɗebe ni ba na ji ba na gani. Na shiga na canza kalmar sirri, na rubuta "inyamuraicimazaune". Da na huce sai na karɓi wayoyinsu na ce gyara zan yi, na saka musu da hannuna. Wa zai gani? Ai ɗige-ɗige kawai take nunawa. Wallahi har murmushi na yi, daga baya na manta da zancen gaba ɗaya.

Makon nan naƙuda ta kama matata ina kasuwa, wayata a kashe. Mama ce ta tari mai adaidaita, ita ta riƙe ta har asibiti, da aka ce ana neman jini Nkechi ce ta miƙa hannu. Na iso ina haki, Mama ta ɗora mini jaririya ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, ai kana da uwa a gidan." Yanzu haka ita ke dafa wa mai jego ruwan wanka, ta kuma rantse girkin suna nata ne.

Shekaranjiya wata ƙanwar matata da ta zo barka ta roƙi Nkechi ta ɗora ta a intanet. Ashe wayoyin yanzu suna nuna kalmar in ka taɓa wani wuri! Ni ina na sani? Nkechi ta same ni a zaure, ta miƙo mini wayarta. Yarinyar da kullum Yaya take ce mini, sai ji na yi ta ce, "Malam, karanta mini wannan." Na ce wasa ne, na ce tsohon abu ne, na ce yanzu zan canza. Ta ce, "Canza mana, ai na riga na gani. Ka ma san asalin kalmar? Kakata ta ce da yarenmu 'ba ni ruwa' take nufi. Mutum ya zo da ƙishi ya roƙi ruwa, shi ne ya zama sunan zagi." Sannan ta ce ba za ta bari uwarta ta tsaya a bakin murhu ranar sunan ba tare da ta san sunan da na raɗa mata ba. Ko in faɗa da bakina, ko ita ta nuna mata.

Na canza kalmar, amma me ya canza? In na faɗa, da wane ido zan kalli matar nan? In na yi shiru, ta ji a bakin 'yarta, ya fi muni. Matata ba ta sani ba, jiya ma cewa ta yi mu saka wa yarinyar sunan Mama a matsayin lakabi. Kunya ta hana ni cin abinci, na koma fita da sassafe ina sanɗa kamar ɓarawo a gidan da nake haya.

Suna jibi ne. Ɗazu Mama ta aiko a tambaye ni ko ina cin yaji sosai. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?