Jawabin da tsofaffi uku suka so su rubuta min

Talata, 21 ga Nuwamba

Malama Surinder ta ce ni zan yi jawabin asalin addininmu a gurdwara, wurin ibadarmu, ranar bikin haihuwar Guru Nanak, wanda ya kafa addinin. Ni! Ni da ko mai shago ya tambaye ni me nake so sai dai in nuna da yatsa. Duk garin Malerkotla a rasa yarinya sai ni.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Kuskurena da na faɗa a gida. Kakana Dadaji ya kira ƙaninsa Om Parkash. Shi ƙanin nasa Hindu ne, don iyayensu Hindu ne, ɗan fari kawai, wato Dadaji, suka ba Guru ya bi addininsa kamar yadda ake yi a da. Ya zo da sandarsa.

"Rubuta, 'yata, reshenmu ne ku. A gidan Hindu aka haifi Guru."

Dadaji ya ce, "Reshe? Kai da ba ka iya naɗa rawani ba?"

Ina tsakiyar karanta littafina na soyayya, jarumin ya riƙo hannunta a tashar jirgi, jirgin na shirin tashi. Haka na rufe.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Yanzu kuma Baffa Nazir tela, maƙwabcinmu Musulmi. Na kai ɗinki ya tsare ni.

"Allah ɗaya, babu gunki, wa kike jin ya fara faɗa? Kuma abokin tafiyar Guru, mai yi masa kiɗa, Musulmi ne. Sa wannan a farko."

Kowa a farko yake so! Wanda na bari a ƙarshe ba zai ƙara yi min magana ba, na sani.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Na yaga takarda ta huɗu. Da ma zazzaɓi ya kama ni.

Litinin, 27 ga Nuwamba

An yi. Ga su ukun a gaba, Baffa Nazir ya ɗaura hankici a ka. Na manta duk abin da na haddace. Abin da ya fito kawai: an haifi Guru a gidan Hindu, ya yi yawo da Musulmi, ya saurari kowa, sannan ya buɗe tasa hanyar, ya ce a zauna ƙasa a ci abinci layi ɗaya. Na zauna. Ko minti biyu ban yi ba.

A wurin cin abincin ni ke raba gurasa. Su ukun a jere a tabarma, kowa ya kumbura. Om Parkash ya ce na rage, Baffa ya ce na gaggauta, Dadaji ya ce ban ambaci sauran Guru tara ba. Garin musu kowa ya miƙo min hannu ɗaya ko kallona ba ya yi.

Na ce, "Hannu biyu ake karɓa a nan! Dukanku!"

Har layin baya aka juyo. Su ukun suka haɗa tafuka kamar 'yan aji ɗaya.

Talata, 28 ga Nuwamba

Tsofaffin nan sun ishe ni wallahi. Malama ta tambayi wa zai yi na baɗi. Ban ɗaga hannu ba, gyara mayafi kawai na yi, ta rubuta sunana.

Ban ce ta goge ba.