Ni Zan Riƙe Jikana Ranar Kaciya

Tsilya, 'yata Inna ta sauka! Namiji ne, jiya da hantsi, kuma ni aka zaɓa in riƙe shi a cinyata ranar kaciya, kwana na takwas da haihuwarsa!

Au, ko gaisawa ba mu yi ba. Ƙanwata, yaya ƙafar taki? Yaya mijinki Lyova da yara da mutanen Kishinev? Mu nan Dortmund lafiya lau. Rawar hannun nan tawa ta ɗan ƙaru, amma Inna ba ta sani ba, ke ma ki yi shiru.

Na kasa zama wuri ɗaya. Kin tuna ajin yamma na majami'armu ta Yahudawa, inda na koyi karatun Ibrananci da furfurata? Yau malamarmu ta ture littattafai, ta naɗe ƙullin gari a tawul kamar jariri ta ɗora mini a cinya, wai in gwada riƙo. Tsofaffi tara suka kewaye ni. Abokina Borya ya ce, "Fima, kai da shayi ke ƙarewa a rigarka kafin ya kai baki? Ba ni yaron!" Na ce, "Tafi ka nemo naka jikan, tsohon kawai!" Minti goma na riƙe, sau ɗaya tak ya zame.

Sau ɗayan nan, Tsilya, shi ya hana ni sukuni. Allah Ya raya yaron, Ya tsayar mini da hannu.

Ki taho mini da mayafin addu'ar babanmu, shi zan yafa. Talata ce, ƙarfe goma. Ku hau bas dukanku ku zo ku gani da idonku. Ke kuma ki tsaya inda zan hango fuskarki.

Yayanki,
Fima