Kamfas Ɗina Yana Hannun Yaya Bang

Da sunan Allah. Ni, Tasi'u Ɗangulbi, mazaunin birnin Daegu a ƙasar waje shekara ashirin da shida, ina rubuta wannan da hankalina cikakke. Likita ya ce hanta ce ta gaji, ba kai ba. 'Ya'yana Rumasa'u da Nafi'u, kafin komai ku shaida wannan babban al'amari: ban taɓa son kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, na matar maƙwabcinmu Bang ba. Gishiri ya yi masa yawa. Don zaman lafiya nake ci.

1. Littattafaina na Rumasa'u ne, ita ke karantawa. Nafi'u ya ɗauki kantar da suke kai, tunda shi ado yake so.

2. Ku yi hattara da Bang Dok-su. Ranar da muka fara haɗuwa, kafin ya tambayi sunana sai da ya tambayi shekarar haihuwata, ya ce ya girme ni da wata huɗu. Tun daga nan na zama ƙane: ni ke zuba masa shayi da hannu biyu, ni ke ce masa Yaya. Har yau bai nuna mini takardar haihuwarsa ba. Kullum gaisuwarsa ɗaya ce, "Ƙanena, ka ci abinci?", amma ban san launin kujerun falonsa ba. Duk cin da muka yi tare, a gidan abinci ne.

3. Ƙungiyarmu ta hawan dutse ranar Lahadi, mu bakwai ne. Tun da suka ji ciwona, in na shigo sai hira ta mutu. Pyo mai gyaran tabarau ya tambaye ni tsawona, wai jaka zai saya mini. Wace jaka ake auna wa mutum daga kai zuwa ƙafa? Bang kuma ya ari kamfas ɗin da nake duba alƙibla da shi, wata biyu ke nan. Da na tambaya sai ya ce, "Mai ciwon hanta ina za shi da zai ɓata? Kwanta, kai dai." Suna hawan dutsen ba tare da ni ba, su dawo da jar ƙasa a takalma, alhali hanyarmu ta dutse ce zalla.

4. Ga abin da nake tsoro. Kun san yadda ake yi a nan: a ƙone mutum, a zuba tokar a ɗan tulu, a jera bayan gilashi kamar zuma a shago. Da kyakkyawar niyya za su yi mini haka, su yi ta kuka, su ci miya mai yaji kwana uku. Kada ku sa hannu a wata takarda da ɗayansu ya miƙo. Ku kira limamin masallacinmu. A yi mini wanka da salla, a sa ni a ƙasa ina fuskantar alƙibla. Ko wace ƙasa ce.

5. Gabar da kuke yi tun ranar da Nafi'u bai zo bikin kammala karatun yayarsa ba, ta ƙare yau. Ku biyu kaɗai kuka san muryar mahaifiyarku. In kun rabu, wa zai tuna wa wani? Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku maƙwabta masu rage gishiri.

Ƙari, ranar Litinin. Jiya su shidan suka sa ni a mota, suka goya ni bi da bi zuwa wani tudu mai jar ƙasa, inda kakannin Bang suke kwance. A gefe an share wuri daidai tsawona, an kafa turaku huɗu, ga kamfas ɗina a kan dutse. Ashe wata biyu Bang yana rigima da danginsa a kan wannan wurin. Ya ce, "Duba, ƙanena, mun daidaita maka Makkar taka? Pyo ya ce mun karkace. In na zo ni ma a nan kusa zan kwanta, kada ka ɗauka ka huta da zuba shayi."

Na duba. Ba su karkace ba, ni ne na karkace. Ku goge na biyu da na uku. Maganar kimchi dai tana nan.