Sunan da Muka Hana Ovila Sansregret

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar Zuriyar Ravenel, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta mai girma Monsieur Gratien Ravenel da dattawan kwamiti, ta samu labarin rasuwar Monsieur Joseph Ovila Sansregret, tsohon kafinta na garin Sainte-Irmine, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, yana da shekara tamanin da huɗu.

Shekara ashirin da biyu marigayi ya yi yana mana hidima. Shi ya kwafe littattafan baftisma da na aure na coci bakwai da hannunsa, shi yake hura murhu kafin taro, shi kuma ya sassaƙa babban allon da muke rubuta sunayen zuriya a kai. Amma sunansa ba ya kan allon. Sau uku ya nemi zama cikakken ɗan ƙungiya, yana cewa kakarsa ta gaya masa su ma Ravenel ne, laƙabi ne kawai ya danne sunan. Sau uku muka ƙi, kuma ni ce, a matsayina na sakatariya, na rubuta wasiƙun. Ranar da ya kawo takardar baftismar wani kakansa mai suna Joseph, wani a kwamiti ya ce masa, "Monsieur Ovila, ai duk namijin ƙasar nan Joseph ne, je ka nemo mana wani." Muka yi dariya, har da ni. Monsieur Ovila ya yi murmushi, ya dube ni ya ce, "To Madame Huguette, a dai bar mini kujerar baƙo kusa da murhu."

A watan Nuwamba na ci karo da yarjejeniyar aure ta shekarar 1761, an rubuta "Joseph Ravenel dit Sansregret", wato Ravenel da ake wa laƙabi da Sansregret, wani tsohon soja. Cikin 'ya'yansa wasu suka riƙe sunan, wasu suka riƙe laƙabin, kamar yadda mutanen wancan zamani suka saba yi. Maganar kakar Monsieur Ovila gaskiya ce. Ban kira shi ba. Na ce a bari sai taronmu na Maris a rumfar da ake dafa ruwan itace ya zama sukari, a sanar a gaban kowa. Gaskiyar magana, ban san da wane baki zan faɗa masa ba. Tsakanin gidana da nasa tafiyar minti goma ce.

Muna miƙa ta'aziyya ga 'yarsa Madame Réjeanne Sansregret da jikokinsa biyar, 'yan'uwanmu na jini, tare da addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya ba su juriyar wannan rashi. Muna kuma roƙonsu gafara. Tunda ba za a binne shi ba sai Mayu, idan ƙasa ta saki daga ƙanƙara, muna neman izininsu mu rubuta sunansa a kan allon da ya sassaƙa kafin ranar, kuma mu bi gawarsa a sahun dangi. Idan suka ƙi, ba mu da bakin magana.

Ma'anar Sansregret ita ce marar nadama. Shi ya tafi da sunansa daidai, nadamar ya bar mana ita.

Marie Huguette Ravenel
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Zuriyar Ravenel