Ranar da Aka Sa Ni Riƙe Kan Surukata

Zuwa ga Likita, shugaban ayarin masu duba ido da ke zagaya garuruwa da rani.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Yaya gajiyar hanya? Allah ya ba da ladan aiki, amin.

Sunana Ɗanladi, manomi ne ni a Achika ta ƙasar Wudil. Bokona na ajin manya ne, in ka ga harafi ya karkace ka yi mini uzuri. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin maganar da kunya, kuma a jarida kowa zai gani. Amma idon baiwar Allah ne ke lalacewa, shiruna kuwa bai tsinana masa komai ba.

Maganar a kan surukata ce, mahaifiyar matata. Sunanta ba zan rubuta ba. Bakina bai taɓa faɗinsa ba, ba kuwa alƙalamina ne zai fara ba.

Na farko, ciwonta. Ta daɗe tana fama da ido, yana ja, yana kwantsa, yana zubar da ruwa. Daga baya fatar idon ta lanƙwashe ciki, gashin ya koma yana gogar ƙwayar duk sanda ta ƙifta. Matata kan tsige mata shi da matsefata, ta sami sauƙi kwana biyu, ya sake tsirowa da kaifinsa. An yi tofi, an sa kwalli, an wanke da saiwa iri-iri. Da mai shela ya ce kuna tafe, a gidanmu har da guɗa.

Na biyu, yadda muke da ita. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba. In zan gaishe ta, a bayan zana nake tuɓe takalmi in durƙusa, ita tana ciki ni ina waje. In muka yi kiciɓis a hanyar rijiya sai in ratse cikin gona. Ba gaba ba ce, Likita, girmamawa ce, haka muka taras iyayenmu suna yi. Shelarku ta ce kowane marar lafiya ya zo da mutum guda mai ƙarfi, ban da gayya. Matata tana jego, ba ta fita. Ɗan tsohuwar ya tafi cin rani. Sai ni. Maƙwabta suka ɗora ta a jaki, na kama igiya na wuce gaba, har Wudil ban waiwaya ba.

Na uku, abin da ya faru. Kun zauna a gindin tsamiya a bakin kasuwa, kuma ranar Juma'a, ranar da Wudil ke cika. Maza da mata layi guda, 'yan kallo sun fi marasa lafiya yawa, har masu koro shanu sun tsaya. Da aka zo kanta, malamin asibitin da ke taimaka maka, wani dogo mai farar taguwa, ya yafito ni ya ce in riƙe kanta da hannu biyu, in ɗaga haɓarta sama. Na tsaya. Ya daka mini tsawa wai ina ɓata musu lokaci, ga mutane na jira. Ita ba za ta iya buɗe baki ta ce mijin 'yarta ne ba. Ni ma ban iya ɗaga murya a kanta in yi bayani ba. Ga ka zaune, ga ɗan doka tsaye. Na riƙe.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Malamin ya juya fatar idon da ɗan tsinke, ya ce in duba da kyau don in san inda za a riƙa sa man ido. Na duba. Na ga jan nama, na ga gashin kwance a kan ƙwayar, na ga hawaye, ban san na ciwo ne ko na abin da ake yi mata ba. A ranar na san cewa babbar 'yata da ita take kama. Wani daga cikin 'yan garinmu ya yi salati da ƙarfi, wasu suka tuntsire da dariya. Ta fizge kanta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe tana lalube. Ba a sa mata magani ba, ba ta tsaya jin bayanin ɗan aikin da ka ce za a yi wa fatar idon ba. Malamin ya yi tsaki ya kira na gaba. Jakin ma ta ƙi hawa. Wata mai sai da daddawa 'yar unguwarmu ce ta riƙe hannunta har gida, ni ina can baya ina jan jaki ba kowa a kansa.

Na huɗu, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Kai baƙo ne, in ba ka san wannan ba babu mamaki. Amma malaminka, daga hausarsa na ji ɗan ƙasar nan ne. Ba shi da suruka? Ko farar taguwar ce ta mantar da shi? Ya ga namiji da gemu yana sunkuyar da kai, yana tsaye nesa da tsohuwar da ya kawo, ko yaro ya san abin da wannan ke nufi. Tambaya guda ta isa, mece ce ita a wurinka. Ya tambayi shekarunta, waɗanda ita kanta ba ta sani ba, amma wannan bai tambaya ba.

Na biyar, halin da ake ciki. Taubasaina sun laƙaba mini likitan surukai, daga Kausani har Lajawa labarin ya kai, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne tsohuwar ta shige ɗaki ta ja asabari, haske ma ciwo yake mata. Ta ajiye mazarinta, ita da zarenta ya yi suna a unguwa. An kai mata jaririn, da hannu ta shafa fuskarsa. Ta ce wa matata gara idon ya tafi da ta sake zama a gindin tsamiyar nan. Ta kuma aiko a gaya mini ba ta riƙe ni da komai ba, kuma wannan saƙon ya fi zagi yi mini zafi. Ina zuwa gaisuwa kamar da, in durƙusa, in yi sallama. Tari kawai take yi don in san ta ji.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe. Ba na neman a kori kowa, a dai ja wa malamin kunne. In za ku komo, a raba layin mata da na maza. A bar mace ta rako mace, ko ku taho da wata dattijuwa, ko ungozoma ce, mai riƙe kan mata. A riƙa tambayar ɗan rakiya matsayinsa kafin a sa shi taɓa kowa. A kuma kewaye wurin dubawa, ciwon ido ba wasan kura ba ne da za a taru a kai. Matata ta ce in an yi haka za ta lallashe ta, ita da kanta za ta kawo ta. Ku dai hanzarta kafin damina ta tare hanya, don gashin nan bai daina gogar idon ba.

Batun kewayen kada ya dame ku. Na yanko gamba, na saƙa zana sabuwa, tana jingine a zaurena. Ranar da kuka iso ni zan ɗauko ta in kafa muku, sa'an nan in tuɓe takalmi in koma bayanta, inda na saba durƙusawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ya sa albarka a hannunka, ya kai ka gida lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.

Wassalam.

Ɗanladi, Achika, ƙasar Wudil.