Tsuntsun da Ya Hana Ni Ganin Inna

Mahjar, Jidda, 1968

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar aikin Hajji? Yaya ƙafar Baba?

Lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da sanyin dutse ya bar mini. Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya haɗa ni da wani Bature mai ɗaukar hoto, muka hau dazukan duwatsun Abha, can nesa da Jidda, neman wani tsuntsu mai wuyar gani. Na san kina tafe, Inna, amma da aka ce "yalla", wato mu tafi, na kasa cewa a'a.

Da na dawo, maƙwabciyata Mastura ta ce, "Kullum Innarka tana zaune bakin ƙofarka, har ranar tashin jirginsu. Ga dambun naman da ta bar maka."

Hoton tsuntsun ya samu. Dambun kuwa har yau na kasa ci.

Ki yafe mini don Allah.

Ɗanki,
Rafi'u