Saƙon da Ya Zo Bayan Ƙwai Sun Dahu

Banifandou, Yamai

Nassirou maigidana,

Gaisuwa. Ina karatu, ina Damagaram? Ni lafiya lau, sai kunnen nan da ya ƙi jin komi, shi ya sa na rubuto. Bawa shofer zai kawo maka. Hannuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri ka karanta.

Ordinatar nan, kwamfutar da ka haɗa mini da akwatin ƙyanƙyasa, ta ci amanata. Ka ce tunda ba na jin kukan akwatin, in zafi ya yi yawa salula za ta girgiza a ƙuguna. Ran Asabar na tafi suna gidan Sakina, na zauna na ci na sha, salula shiru. Dab da magariba ta kama rawa, saƙo kan saƙo, ya fi ɗari, duk ZAFI YA YI YAWA. Na farkon tun azahar ne. Na iske ƙwan zabina sun dahu. Ko gishiri ba ka aiko ba.

Uwarka Halimatou ta zo. Ta ce in aka sake haka, in saida akwatin in koma wurinta unguwar Kalley. Bene ne, hawa biyu, ko kaza ba a kiwo. Na yarda, don bakina ya mutu. Maƙwabciyata Rabi za ta ba ni wasu ƙwan, su ne na ƙarshe, damina ta ja baya zabi sun kusa daina saka. Ka gyara abinka ko ka ce mini ba ka iya ba.

Kakarka, Iklima

*

Damagaram

Zuwa ga uwargidana Hajiya Iklima,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Allah ya mayar da alheri. Miji ya ji kunya, amma na gano ciwon.

Ki dubi layin da ke saman ekran, wato fuskar ordinatar. Ma'aikata biyu ne a ciki. Na hagu yana auna zafi yana faɗa, na dama yana ɗaukar abin da aka faɗa ya tura miki. Sandar nan tsayayya | da ke tsakaninsu ita ke zuba maganar na farko a kunnen na biyu. In na farkon yana rubutu a ekran ne, layi-layi yake saki. In kuwa cikin sandar yake zubawa, tarawa yake sai ya cika mudunsa tukun ya juye gaba ɗaya. Na biyun ba shi da laifi, zaune yake ba a ba shi komi ba.

Ga yadda za ki yi. Ki danne Ctrl, ki taɓa C. Ki taɓa kibiya mai kallon sama, layin zai dawo. Ki yi ta taɓa kibiyar hagu har ki kai bayan python3, ki ƙara -u da fili kafinsa, ya zama haka:

python3 -u zafi.py | ./aika

Sai ki taɓa Entrée. Wannan -u yana ce masa kada ya tara, ya faɗa nan take. Ki jarraba kafin ki sa ƙwai: ki jingina kan wayar awon zafin da kofin shayi.

In ya gagara, ki bari sai na zo hutu. Kalley ma ai gida ne, Kaka.

Naki mai biyayya,
Nassirou

*

Banifandou

Nassirou,

Na ga takardarka. Hutunka sai zabi sun daina ƙwai, to me zan sa a akwatin, duwatsu? Maganar Kalley kuma, kai ka je ka zauna.

Na yi. Tun azahar nake abu guda har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Kibiyar hagun nan na zarce da ita, na dawo, na goge rabin sandar ko duka ban sani ba. Na sake danna C ɗinka na fara daga farko. Da na sa kofin shayi, ban kai ga zama ba salula ta girgiza. Na janye, ta yi shiru. Na sake, ta sake. Sai da shayin ya huce na bar ta.

Ƙwan Rabi sun shiga. Halimatou ta aiko a auna gadona a ga ko zai bi ta matakalar benenta. Na bar su suka auna.

Jiya na je gaisuwar rasuwa Zongo, da gangan na yi nisa. Ana cikin addu'a abin ya motsa a ƙuguna. Na shafa fatiha ni kaɗai na fito, na tari taksi, na ce da yaron ni kaɗai zai ɗauka, kada ya tsaya wa kowa. Na iske akwatin ya yi zafi amma hannu na iya daurewa. Na zare wayar wutar akwatin, na buɗe ƙofar, na yi ta fifita da faifai. Ko sun tsira ban sani ba. Ƙwai ba ya magana sai ranarsa.

Kakarka

*

Banifandou

Maigida,

Gaisuwa. Ƙwan sun fara fasawa ran Talata. Fiye da rabi sun fito, sauran sun ɓaci, na binne. 'Yan zabin suna cikin kwali a ɗakina, an ce kuka suke, ni dai bakinsu nake gani yana buɗewa.

Uwarka ta zo ta leƙa kwalin, ta daɗe. Ta ce dama gadon ba zai bi matakalar ba. Ta ɗauki 'yan zabi biyar ta tafi, ban san inda za ta sa su ba.

In za ka zo ka taho da gero.

Iklima